Naka sai naka? Zangon Accra da zaɓen fidda gwanin NPP

Ranar 31 ga Janairun 2026 jam'iyyar NPP, babbar jam'iyyar adawa a Ghana, ta zaɓi wanda zai riƙe mata tuta a zaɓen shugaban ƙasa na 2028. Mutum biyar ne suka nemi tutar, amma kusan rabin muhawarar a kan mutum ɗaya ta kasance: Dakta Mahamudu Bawumia, da addininsa, da asalinsa. Unguwannin Zango irin su Nima da Maamobi sun zama abin kafa hujja a bakin kowane ɓangare, alhali ba kasafai ake tambayar mutanen cikinsu abin da ya sa suke zaɓen wanda suke zaɓa ba.

Daren 4 ga Nuwamban 2023, a filin wasa na Accra, aka sanar da cewa Bawumia, wanda yake mataimakin shugaban ƙasa a lokacin, ya ci zaɓen fidda gwani da ƙuri'a 118,210, wato kashi 61 cikin ɗari. Kennedy Agyapong ya biyo shi da 71,996. Tun da aka kafa NPP a 1992, mutum uku ne suka taɓa riƙe tutarta: Adu Boahen da John Kufuor da Nana Akufo-Addo, kuma dukkansu 'yan Akan ne, Kiristoci, daga kudu. A wannan dare ne karo na farko da jam'iyyar ta miƙa tutar ga ɗan arewa, kuma karo na farko da ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun ƙasar biyu ta tsayar da Musulmi.

Babbar hujjar da magoya bayansa suka riƙe a lokacin kamfe ita ce lissafi. NPP tana da Ashanti da yankin Gabas. Idan ta tsayar da Musulmi ɗan arewa, za ta yago ƙuri'un arewa da na Zango daga hannun NDC, shi ke nan an gama.

Bayan wata goma sha uku aka gwada lissafin. A zaɓen 7 ga Disamban 2024 John Dramani Mahama na NDC ya samu sama da kashi 56, Bawumia ya tsaya a kashi 41 da ɗoriya. A mazaɓar Ayawaso ta Gabas, inda Nima take, Naser Toure Mahama na NDC ya sake cin kujerar majalisa, kamar yadda ya yi a 2012 da 2016 da 2020. A Ayawaso ta Arewa, inda Maamobi take, Yussif Jajah na NDC ya riƙe tasa. A duka mazaɓun biyu Mahama, Kirista, ya kayar da Bawumia, Musulmi, da rata mai faɗi. Ina ɗokin 2023 ya tafi?

Masu zaɓen cikin gida daban, masu zaɓen gari daban

Amsar farko tana cikin tsarin zaɓen fidda gwanin kansa. A lokacin fidda gwanin 2023, a NPP kowace rumfar zaɓe tana da shugabanni biyar: ciyaman, sakatare, mai tsara gangami, shugabar mata da shugaban matasa. Ghana tana da rumfunan zaɓe kusan dubu arba'in, don haka waɗannan mutum biyar-biyar su ne mafi yawan daliget wajen dubu ɗari biyu da ke zaɓen ɗan takara. Masu rajistar zaɓe a ƙasar kuwa sun haura miliyan 18. Ke nan a cikin kowane mutum casa'in da ke da katin zaɓe, kusan mutum ɗaya ne yake da bakin magana a fidda gwanin NPP.

Wannan tsari yana da wani sakamako da ba a cika lura da shi ba. Yawan daliget yana bin yawan rumfuna ne, bai damu da ƙuri'u nawa jam'iyya ke samu a rumfar ba. Rumfa a Nima, inda NPP ke shan kaye kowane zaɓe, tana da daliget biyar, daidai da rumfa a Bantama ta Kumasi inda jam'iyyar ke kwashe kusan komai. A ranar fidda gwani muryar ɗan NPP na Zango tana da nauyi sosai. A ranar babban zaɓe sai ya koma tsiraru a layinsu.

Ɗokin da waɗannan daliget suka nuna na gaske ne, kuma yana da dalili. Mutumin da ya shekara ashirin yana ɗaure tutar giwa a Nima ya sha gori. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, a wajen shan ataya a dandalin hirar matasa da ake kira bes, wanda ya yi daidai da fada a Nijar ko majalisa a Kano, kullum ana tuna masa cewa jam'iyyarsa ta 'yan Akan ce, ɗan arewa ba ya wuce mataimaki a cikinta. Ana kafa masa hujja da Alhaji Aliu Mahama, wanda ya yi wa Kufuor mataimaki shekara takwas, amma da ya nemi tutar a Disamban 2007 a Legon, cikin 'yan takara 17, ya zo na uku a bayan Akufo-Addo da Alan Kyerematen. Ga irin wannan mutum, da kuma 'yan Nasara, reshen da NPP ta ware domin Zango, nasarar Bawumia amsa ce ga gorin shekaru. Sai dai farin cikin wanda aka share wa hawaye a cikin jam'iyya bai zama lallai ya ratsa maƙwabcinsa da ba ya cikinta ba.

Haka kuma ba duk kashi 61 ɗin ne asali ya kawo ba. Bawumia yana kan kujerar mataimaki, mafi yawan ministoci da 'yan majalisar jam'iyyar suna bayansa. Kyerematen ya janye daga takarar a Satumban 2023 yana zargin an karkata filin domin mutum ɗaya, daga baya ya fice daga jam'iyyar baki ɗaya. Taron da ƙarfin gwamnati ya tara yana iya zama taron tsintsiya ba shara.

Ɗan arewa, Musulmi, ɗan Zango

Amsa ta biyu ita ce masu lissafin sun haɗa abu uku suka mai da su ɗaya. A idon wanda ke kallo daga nesa, duk mai sa jallabiya yana jin Hausa jinsi ɗaya ne. A cikin Zango an san bambancin.

Ɗan arewacin Ghana, Badagombe ne ko Bamamprushe ko Bagonje, yana da gari da sarki da ƙasar gado a cikin iyakokin Ghana. Bawumia ɗan Mamprusi ne daga Walewale. Mahaifinsa, Alhaji Mumuni Bawumia, yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar mutanen arewa a 1954, ya kuma shugabanci majalisar ba shugaban ƙasa shawara a zamanin Rawlings. Shi kansa ya yi karatu a Ingila da Kanada, ya zama mataimakin gwamnan babban bankin ƙasa. Babu jami'in da zai tambaye shi inda aka haifi kakansa.

Zango kuwa wani abu ne daban. Tushensa fataucin goro ne tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, da sojojin Hausa da Turawan Ingila suka kawo a shekarun 1870, da watsewar fatake bayan yaƙin basasar Salaga a 1892, da kuma 'yan ci-rani da suka zo aikin koko da ma'adinai da tashar jirgin ruwa. Nima ta fara ne a shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu. A yau a cikinta akwai Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Mosawa da Kotokoli da Wangarawa da Yarbawa da 'yan arewacin Ghana, har da Kiristoci 'yan Ewe da Ga da Akan. Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da masallaci, amma Zango ba ƙabila ba ce. Ga jikan Bahaushe ko Bazabarme da aka haifa a Maamobi, aka haifi mahaifinsa a Maamobi, idan takarda ta tambayi garinsu, ba shi da garin da zai rubuta sai Maamobi.

A zaɓen 2024 kuma zaɓin bai kasance tsakanin namu da bare ba. Mahama ma ɗan arewa ne, Bagonje daga Bole, ya fito daga gida mai Musulmi da Kirista, yana kuma magana da Hausa a gangami ba tare da tafinta ba. Ko a gidan surukan Bawumia an raba ƙafa: matarsa, Hajiya Samira, 'yar Alhaji Ahmed Ramadan ce, tsohon shugaban jam'iyyar PNC, ɗan'uwanta Mohammed Adamu Ramadan kuwa ɗan majalisar NDC ne mai wakiltar Adenta. Idan gida ɗaya bai taru a jam'iyya ɗaya ba, da wuya a ce unguwa mai dubban gidaje za ta taru saboda sunan ɗan takara.

Abin da 1969 ta bari

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙaunar da ke tsakanin Zango da NDC, da nesantar da ke tsakaninsa da NPP, suna da tarihi, kuma tarihin bai fara yadda mutane da yawa suke zato ba.

A shekarun 1950 manyan Zango da dama suna ɓangaren adawa da Kwame Nkrumah ne. Suna da jam'iyyarsu ta Musulmi, MAP, mai ƙarfi a Accra da Kumasi. A 1957, 'yan watanni bayan samun 'yanci, gwamnatin Nkrumah ta kori biyu daga cikin jagororinta, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, zuwa Najeriya. Da suka je kotu suna cewa su 'yan Ghana ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu domin kashe shari'ar. A ƙarshen wannan shekara, lokacin da aka hana jam'iyyun addini da na ƙabila, MAP ta narke cikin haɗakar adawa ta United Party ƙarƙashin Dakta Kofi Busia. Wato da farko Zango abokin tafiyar gidan siyasar da NPP ta fito daga ciki ne.

Bayan shekara goma sha biyu Busia ya zama firaminista. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatinsa ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin kwana 14. Dubun-dubatar mutane suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka nufi Najeriya da Nijar da Togo da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. Da yawansu a Ghana aka haife su, ba su taɓa ganin garuruwan da aka ce su koma ba. An sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, an raba mata da miji, an raba 'ya'ya da iyaye. Akwai iyalai a Kano da Sakkwato da Dosso da Yamai da har yanzu suke da reshe a Accra ko Kumasi saboda wannan kora. Najeriya ta yi irin tata a 1983 a zamanin Shagari, inda 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya suka koma gida.

NPP tana alfahari da kiran kanta magajiyar Danquah da Busia da Dombo. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. NDC ta san haka, kuma kowane zaɓe tana tuna wa Zango shekarar 1969. Ta kuma ɗora da abin da Rawlings ya yi: sashen kula da makarantun Islamiyya a ma'aikatar ilimi a 1987, da mai da ranakun ƙaramar salla da babbar salla hutun ƙasa a tsakiyar shekarun 1990.

NPP ba ta zauna haka ba. Ta ɗauko Aliu Mahama, ta ɗauko Bawumia a matsayin mataimaki sau huɗu, daga 2008 zuwa 2020. A 2017 Akufo-Addo, wanda gidansa na kansa a Nima yake, ya kafa ma'aikatar raya Zango da tsofaffin unguwannin birane, majalisa kuma ta yi dokar Asusun Raya Zango. An yi filayen ƙwallo da ajujuwa da rijiyoyin burtsatse a wurare da dama. Amma a 2021 aka rushe ma'aikatar, alƙawarin gina babbar sakandare ta Zango a kowane yanki daga cikin yankuna 16 kuma bai cika ba. A cikin wannan zamani ne, a Yulin 2018, 'yan sanda suka harbe matasa bakwai 'yan Zangon Asawase na Kumasi, aka ce 'yan fashi ne, daga baya kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce babu shaidar hakan, aka biya iyalansu diyya. A Yunin 2021 sojoji suka harbe mutum biyu a Ejura yayin zanga-zangar kisan Ibrahim Mohammed da aka fi sani da Kaaka. Irin waɗannan abubuwa suna daɗewa a zuciya fiye da filin ƙwallo.

A ina aka haifi kakanka?

Ciwon 1969 bai warke ba saboda ana fama shi a teburin rajista. A tsarin mulkin 1992, haihuwa a Ghana kaɗai ba ta mai da mutum ɗan ƙasa. Sai ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya kasance ɗan ƙasa. A Yunin 2020 kotun ƙoli ta yanke cewa takardar haihuwa ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ce, ta kuma amince hukumar zaɓe ta yi sabuwar rajista ba tare da karɓar tsohon katin zaɓe ba. Shugabannin Zango da na Fulani sun daɗe suna kukan cewa a ofishin fasfo da na katin ɗan ƙasa, mai suna Mensah ko Boateng yana wucewa, mai suna Garba ko Maiga ko Diallo sai an tsare shi da tambayoyi.

A nan Bawumia yana da riba yana da hasara. Shi ne ya fi kowa tallata katin Ghana, kuma duk ɗan Zangon da ya samu katin ya samu takardar da ke rufe bakin masu tambaya. Amma shi ne kuma a 2015 ya fito ya ce an gano sunaye sama da dubu 76 da ke cikin rajistar zaɓen Ghana da ta Togo a lokaci guda, ya nemi a sake rajista. Maganar ta fi shafar yankin Volta, sai dai duk lokacin da aka fara zancen baƙi a cikin rajista, mutumin Zango ya san zancen zai biyo ta ƙofarsa.

Tukunya

Dalili na ƙarshe shi ne wanda bai bambanta Zango da sauran ƙasa ba. Bawumia ya yi suna ne tun yana adawa, da laccocinsa a kan faɗuwar sidi, kuma shi ya shugabanci kwamitin tattalin arziki na gwamnati. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi shida. Kafin zaɓen 2024 ta haura goma sha biyar. A Disamban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1, gwamnati ta dakatar da biyan mafi yawan bashin da ake binta a waje, a Mayun 2023 ta karɓi rancen dala biliyan uku daga asusun IMF. An sa haraji a kan tura kuɗi ta waya, hanyar da mai sayar da wake da shinkafa da mahauci da ɗan okada suka dogara da ita.

Zango yana rayuwa ne a kan saye da sayarwa, kuma da yawan kayansa daga ƙetaren iyaka suke zuwa. A 2021 aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku, can bayan gari. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a hanya, farashi ya tashi a Accra. A Accra ɗin ne kuma hafsoshin sojin ƙungiyar suka taru a watan Agusta suna tattauna yiwuwar afka wa Nijar, ƙasar da dubban mazauna Nima suke da dangi a cikinta. Duk wannan ya faru ne a watannin da Bawumia ke yawon neman ƙuri'ar daliget.

Wa za a ɗora wa laifi?

Tun bayan faɗuwar, wasu a cikin NPP, musamman a ɓangaren abokan takararsa, suna cewa addinin Bawumia ne ya kayar da jam'iyyar: wai Kiristoci sun ƙi fitowa, Musulmi kuma ba su rama masa ba. Wasu sun ƙara da rikicin sarautar Bawku tsakanin Mamprusi da Kusasi, suna cewa asalinsa ya jawo hasarar ƙuri'u a arewa maso gabas. Sauran 'yan takarar huɗu, Kennedy Agyapong da Bryan Acheampong da Yaw Osei Adutwum da Kwabena Agyepong, duk 'yan Akan ne daga kudu. Bawumia da mutanensa suna amsawa da cewa wannan magana ƙabilanci ce da za ta raba jam'iyyar.

Alƙaluma suna taimakawa wajen auna maganar. A ƙidayar 2021 Kiristoci kashi 71 ne na 'yan Ghana, Musulmi kusan kashi 20. A 2020 Akufo-Addo ya samu ƙuri'a miliyan 6.7, a 2024 Bawumia bai kai miliyan biyar ba. Ƙarin da Mahama ya samu tsakanin zaɓukan biyu bai kai rabin miliyan ba. Fitowar masu zaɓe ta faɗi daga kusan kashi 79 zuwa kusan kashi 61. Ke nan NPP ta yi hasarar ƙuri'u kusan miliyan biyu, kuma mafi yawansu ba NDC suka koma ba, a gida suka zauna. Ko a Ashanti, inda Bawumia ya ci, ƙuri'un jam'iyyar sun ragu da dubban ɗaruruwa, duk da cewa mataimakinsa, Matthew Opoku Prempeh, ɗan Manhyia ne a tsakiyar Kumasi.

Ba za a rasa waɗanda addini ya zaunar a gida ba. Wanda ya ce babu su ko ɗaya bai san mutane ba. Amma zaɓen majalisa ya nuna cewa wannan ba shi ne babban dalili ba. NPP tana da kujeru 169 a 2016, suka koma 137 a 2020 lokacin da Akufo-Addo ne ke kan tuta, suka faɗo ƙasa da 90 cikin 276 a 2024. Mafi yawan waɗanda suka rasa kujerunsu Kiristoci ne a mazaɓun Kiristoci. Zubewar ta fara tun kafin Musulmi ya karɓi tuta. A ɗaya gefen kuma, Mahama ya ci yankin Arewa, inda Tamale take, yankin da Musulmi suka fi rinjaye. Musulmi ba su yi zaɓen addini ba, kuma babu hujja mai ƙarfi da ke nuna Kiristoci shi suka yi.

Abin da aka gani a wasu wurare

Amurka, inda launin fata ke yin aikin da asali ke yi a Afirka ta Yamma, ta ga irin wannan. Kafin a fara fidda gwanin jam'iyyar Democrat na 2008, baƙaƙen fata da yawa suna tare da Hillary Clinton. Sai da Barack Obama ya ci jihar Iowa, wadda kusan duk farare ne, ranar 3 ga Janairu, sannan suka yarda zai iya kaiwa, suka kwarara bayansa a South Carolina. A 2020 kuwa, Kamala Harris da Cory Booker, baƙaƙe biyu, sun janye tun kafin a fara kaɗa ƙuri'a, baƙaƙen South Carolina suka ceto takarar Joe Biden, farin fata. Tsiraru sukan auna abu biyu kafin su bi nasu: zai iya ci, kuma jam'iyyar da ta tsayar da shi tana tare da mu? Obama ya fito ne daga jam'iyyar da baƙaƙe suke ciki tun shekarun 1960. Bawumia ya fito daga jam'iyyar da Zango ke ɗari-ɗari da ita tun 1969.

A kusa da gida, mai karatu a Nijar yana tuna yadda a 2020 aka kai ƙarar Mohamed Bazoum, wanda ya fito daga tsirarun Larabawa, ana ƙalubalantar takardar zamansa ɗan ƙasa, amma ya ci zagaye na biyu a Fabrairun 2021 da ƙarfin jam'iyyar PNDS a yankunan Hausa irin su Tahoua. A Kodebuwa, hana Alassane Ouattara takara a 1995 da 2000 bisa zargin asali yana cikin abin da ya jefa ƙasar a yaƙi. Ghana ba ta kai nan ba. Bawumia ya kira Mahama ya taya shi murna washegarin zaɓe, tun kafin hukuma ta sanar da sakamako, kuma babban limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, mutum ne da kowane ɓangare ke girmamawa. Amma maganar cewa wane ba zai ci ba saboda addininsa, da maganar cewa wane ba ɗan ƙasa ba ne saboda sunansa, 'yan gida ɗaya ne.

Abin da ke gaban Zango

Haɗarin da ke cikin zaɓen 31 ga Janairun 2026 ga mutanen Zango bai tsaya a kan wanda ya ci ba. Ya fi shafar darasin da jam'iyyu za su ɗauka. Kafin zaɓen, fargabar ita ce idan Bawumia ya faɗi kuma aka fassara faɗuwarsa da cewa Musulmi ba ya cin zaɓe a Ghana, ƙofar da aka buɗe a 2023 za ta rufe na tsawon zamani, a NPP da ma NDC. Idan ya ci kuma mutanensa suka koma kan tsohon lissafi, cewa suna da hula sun isa su jawo Nima, za a maimaita 2024.

Akwai kuma haɗari na uku: NPP ta yanke ƙauna ta ce Zango na NDC ne ko me aka yi, NDC kuma ta ce ai nata ne ko ba ta yi komai ba. Unguwar da kowa ya san inda ƙuri'arta za ta faɗa ba ta da abin ciniki. Gwamnatin Mahama ta rage kuɗin kujerar hajji daga sidi dubu 75 zuwa dubu 62 a 2025, ta ƙara ranar hutu a ƙaramar salla, ta soke harajin tura kuɗi ta waya, ta ba Muntaka Mubarak, ɗan majalisar Asawase, ma'aikatar cikin gida. Amma NDC, wadda ta fi kowa cin ƙuri'ar Zango, ba ta taɓa tsayar da Musulmi takarar shugaban ƙasa ba. Iyakarta mataimaki, Alhaji Muhammad Mumuni, a 2004. Wa'adin Mahama na ƙarshe zai ƙare a Janairun 2029, don haka ita ma fidda gwani yana gabanta, kuma za a yi mata tambayar da ta daɗe tana yi wa NPP.

Hausawa suka ce naka sai naka, amma suka ƙarasa da cewa daɗin zama sai bare. Zangon Accra ya nuna a 2024 cewa ya san karin maganar har ƙarshenta. Daliget ɗin Nima da Maamobi da Fadama da Sabon Zango da Madina, waɗanda 'yan takara biyar suka yi zawarcinsu kafin zaɓen fidda gwanin 2026, sun riƙe ƙuri'ar da ta fi nauyi a lokacin fiye da kowane lokaci. Sun samu damar tambayar kowane ɗan takara, Musulmi ne ko Kirista, abin da zai yi da jami'in da ke tsare jikan ɗan Nima a teburin fasfo, da babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi, da makarantu 16 da aka yi alƙawari. Wanda ya kawo amsar da za su iya maimaitawa a gaban maƙwabtansu a wajen shan ataya ba tare da an yi musu dariya ba, shi ne zai iya fitar da mutane daga gida a Disamban 2028.